Waiwaye: wa ke tsaya wa mai sabuwar sana'a a banki?

Ƙanena ya yi shekara huɗu yana koyon gyaran waya a Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi. Da maigidansa ya yaye shi, sai ya nufi wani banki a nan Kumasi neman rancen kama shago da sayen kayan aiki. Aka ce ya kawo takardar fili, da ma'aikata biyu masu albashi da za su tsaya masa, da shaidar cinikin da yake yi. Ya dawo unguwarmu Aboabo ransa a ɓace, ya ce mini, "Yaya, shagon da ban buɗe ba, ina zan samo masa shaidar ciniki?" Gidanmu kuwa na gado ne, ba mai ikon jinginar da shi.

Don irin wannan aka ƙirƙiro lamunin gwamnati. Ba kuɗi take miƙa maka ba, banki take ce wa, "Ba shi, in ya kasa biya ni zan ɗauki wani kaso na asarar." A Gana dabarar ta tsufa. Tun 1969 Babban Bankin ƙasa ya kafa tsarin tsaya wa ƙananan masu rance. Dattawan Zango sun san shekarar da wani abin dabam, wato dokar Firaminista Busia ta korar baƙi marasa takardu, wadda ta raba dangi ta bar rumfuna fayau. A 1970 aka yi dokar keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa.

Daga nan hukumomi suka yi ta zuwa. Hukumar ƙananan masana'antu ta NBSSI, wadda aka yi dokarta a 1981, ita ce ta koma hukumar bunƙasa sana'o'i ta GEA a 2020. Kamfanin Eximguaranty, wanda aikinsa ke nan tsaya wa masu rance, an narkar da shi cikin bankin Exim a 2016, hankali ya koma kan masu fitar da kaya waje. Hukumar lamuni ta GIRSAL takan tsaya wa har kashi 70 cikin 100 na rance, amma na noma da dangoginsa. Manomi ya samu mai tsaya masa, mai masana'anta ya samu. Tela fa, da mai aski, da mai kitso, da mai wanki da guga? Jarinsu a hannunsu yake, banki kuma ba ya karɓar gwaninta jingina.

Abin da aka fi yi musu shi ne gwamnati ta raba rance da kanta. Gwamnatin Shugaba Kufuor ta kafa MASLOC, cibiyar ba da ƙananan rance, a 2006. Lokacin korona, a 2020, aka ware sidi miliyan 600 a kan ruwa kashi 3 cikin 100, da sassaucin shekara guda kafin a fara biya. Ya ceci wasu, ban musa ba. To amma na masu sana'ar da ta riga ta kafu ne, kuma a unguwanninmu da yawa kan ɗauki irin wannan kuɗi rabon jam'iyya, ba bashi ba. In na farko bai biya ba, na baya ya tarar da asusu a bushe. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin masu gaskiya ke ɗaukar laifin.

Ƙofar da ta rage ma an tsuke ta. A 2019 Babban Banki ya soke lasisin ƙananan kamfanonin rance 347, da yawansu sun riga sun durƙushe da ajiyar mutane. A 2023 ma'aunin ruwan Babban Bankin ya kai kashi 30 cikin 100. Ga kuma 'yan'uwa da dama da ko an tsaya musu ba za su taɓa bashin ruwa ba, saboda riba.

A 2025 Shugaba Mahama ya ƙaddamar da shirin Adwumawura a nan Kumasi don matasa masu son kafa sana'a. Ƙanena dai adashin matan gidanmu ne ya saya masa teburi da akwatin gilashi, ya kafa a bakin titi. Da damina yakan lulluɓe wayoyin mutane da leda ya fake a rumfar mai shayi har ruwa ya tsagaita.