Waiwaye: Maganin da ke tarar da ciwon daji a inda aka yi masa alama

Duk wanda ya taɓa raka mai ciwon daji daga Gusau zuwa Sakkwato ya ga yadda magani ke galabaitar da lafiyayyen jiki kafin ya taɓa cutar. Wannan matsala ce ta haifi dabarar da masana suka fara gwadawa tun shekarun 1980: a fara aika furotin ɗin garkuwar jiki ya nemo ƙarin dajin ya manne masa, a jira kwanaki har ragowarsa ta fita daga jini, sannan a saki ƙaramin sinadari mai tururin nukiliya ya je ya kama shi. Wanda bai kama ba ya fita nan da nan, galibi ta fitsari.

Wahalar tana wurin maɗaurin da zai haɗa su. An gwada streptavidin da biotin, wato wani furotin da wani bitamin masu kama juna ƙam, amma streptavidin daga ƙwayar cuta ya fito, jiki yana ɗaukarsa baƙo ya yaƙe shi.

A 2002 Barry Sharpless da Morten Meldal, kowa da nasa binciken, suka samo haɗin sinadarai da ke kamawa tsaf, sai dai yana buƙatar tagulla, ita kuwa guba ce ga ƙwayoyin halitta. Mu da muka binne yara saboda dalma a Anka da Bukkuyum a 2010 ba sai an yi mana bayanin ƙarfe a cikin jini ba. Carolyn Bertozzi ce ta kawar da tagullar a 2004, ita ce kuma ta raɗa wa fannin suna "bioorthogonal", wato haɗin da ke gudana cikin jiki ba ya taɓa komai sai abokinsa. Su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 2022.

A ganina 2008 ce shekarar da ta fi muhimmanci ga majinyaci, lokacin da aka gano saurin haɗuwar wasu sinadarai biyu, tetrazine da trans-cyclooctene. Bayan shekara biyu, Raffaella Rossin da Marc Robillard a Holan suka ɗauki hoton ƙari a jikin ɓera da wannan haɗi. Gwaji a kan mutane ya fara a Amurka a 2020, da maganin daji mai suna doxorubicin da aka kulle, ba ya buɗewa sai a wurin ƙarin.

Abin da ke damuna shi ne nisa. Fluorine-18, sinadari mai tururin nukiliya da ake yawan ɗaukar hoton cikin jiki na PET da shi, rabin ƙarfinsa na tafiya cikin minti 110, kuma mota daga Gusau ba ta isa Sakkwato a wannan lokaci.