Tsoffin gem a Maradi: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun ina saurayi nake tara tsoffin na'urorin gem da kaset-kaset ɗinsu, yanzu sun cika kanta biyu a ɗakina a unguwar Zariya. Tunda labari ya bazu ba ni da sakat. A bakin masallaci a tare ni, wajen mai shayi a tare ni, wani ma sai bayan isha'i zai bugo waya ya ce na'urarsa tana hayaƙi. Tambayoyin kuwa ba sa sakewa. Ga su nan da amsoshinsu.

Wanne ne ma tsohon gem?

A wajena, daga Famicom, na'urar kamfanin Nintendo ta 1983, zuwa PlayStation 2 ta shekarar 2000. PS4 ba ta ciki, kada ka kawo mini ita.

Wannan ba wasan yara ba ne?

Yaron da ya yi Super Mario Bros. yana ɗan shekara goma lokacin da ya fito a 1985, yau ya kai hamsin. Wasanmu ne, mu muka girma.

Kaset ya ƙi kamawa, na hura shi da baki amma shiru.

Daina hurawa! Sau nawa zan faɗa? Numfashinka da danshi yake fita, har da yawu, su ne ke sa haƙoran kaset su yi tsatsa. Abin da ke sa ya kama wani lokaci, cirewa da mayarwar da ka yi ne, ba hurawar ba. Je farmasi ka sayi alkol mai 90, ka ɗiga a auduga, ka goge haƙoran gaba da baya har audugar ta daina fitowa baƙa, ka bari ya bushe. Ban da fetur, ban da turare, ban da kankarewa da reza. Na ga kaset ɗin da aka kankare har ruwan zinaren haƙoransa ya tafi, wannan ba shi da magani.

Yayana ya aiko mini da na'ura daga waje. In jona ta?

Tsaya, ƙanena. Ajiye wayar wutar tukuna. A nan aka fi yin asara, kuma amsar ba ɗaya ba ce, sai an san ƙasar da ta fito da irin na'urar.

Wutarmu a Nijar 220V ce. Ta Japan 100V, ta Amurka 120V, ta Faransa 230V. In daga Faransa ta zo, ta fuskar wuta da sauƙi. In daga Japan ko Amurka ce ka jona kai tsaye, ƙara ɗaya za ka ji sai warin ƙuna. Don haka juya ta, ko ka juya cajarta, ka karanta ƙananan rubutun da ke jiki. In ka ga 100-240V, kamar yadda yake a yawancin cajojin siririyar PS2, ko'ina tana ci. In 100V ko 120V kaɗai ka gani, sai da taransifo mai sauke wuta daga 220 zuwa 110. PlayStation ta farko da PS2 mai kauri su suka fi yaudarar mutane, domin kayan wutarsu a ciki suke, waya kawai ake gani. Ta PlayStation ta farko ma irin ta rediyo ce, tana shiga daram, sai mutum ya ɗauka ta dace.

Taransifon ma akwai magana a kansa. 110 yake bayarwa, 'yar Japan kuwa 100 take so. Mutane da yawa suna aiki da shi haka shekara da shekaru lafiya lau, ni ma na yi. Amma cajar tana ɗaukar zafi, kuma a Afrilu da Mayu da zafin garin nan ke wuce digiri 40, ba zan ce ka bar ta a jone tun hantsi har dare ba. Abin da na fi so, in na'urar mai caja a waje ce, a adana tsohuwar cajar, a nemo sabuwa mai cin 220.

Sai dai fa nan ma da rami. Ba shigar baki ake dubawa ba. A jikin kowace caja akwai ɗan zane mai nuna ko tsakiyar bakinta + ne ko −. Famicom da Super Famicom da Mega Drive ta farko duk − suke so a tsakiya, alhali yawancin cajojin kasuwa + ne. Ni kaina na rasa Mega Drive guda ta haka, wani mai shago ya rantse mini cajarsa daidai ce, ban auna ba na jona. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Haka kuma cajar NES, wato Famicom ɗin Amurka da Turai, wutar AC take fitarwa, ba DC da Famicom ke so ba. Kamfani ɗaya ne ya yi su da Famicom, bakin yana shiga, amma ƙona ta yake yi. Ƙarfin cajar kuma, wato lambar da aka rubuta da mA, in ya fi na asali ba laifi, in ya gaza ne matsala.

To a ce wuta ta yi daidai, saura hoto. Na'urorin Japan da Amurka tsarin NTSC suke bi, mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, na Turai sau 50. Wata tele ɗin tana karɓar duka, wata ta ba ka baƙi da fari, wata hoton ya yi ta birgima. Wannan ba lalacewa ba ce, kwantar da hankalinka, gwada wata tele. Na Faransa galibi da wayar Péritel suke zuwa, mai faɗin kai da haƙora 21. In telenka ba ta da wannan ramin, ɗan mahaɗin da ake sayarwa mai mayar da shi waya uku wani lokaci ya yi, wani lokaci sauti kawai za ka ji. Famicom ta asali, fara da ja, ta ramin eriya kawai take fitar da hoto, a tashoshin Japan na 1 da 2, waɗanda tele ɗinmu da yawa ba sa kamawa. Wadda aka sake fitarwa a 1993 ita ke da wayar AV mai baki uku, ita nake ba mutane shawara in an samu.

Bayan haka akwai kulle na yanki. Faifan PlayStation na Turai ba ya tashi a na'urar Japan sai an sa mata cip. Game Boy ita ba ruwanta, kowane kaset nata tana ci. Kuma in ka ji kiɗan Sonic na farko yana jan ƙafa a na'urar Turai, lafiyarta ƙalau. Gem da yawa na wancan zamani ba a daidaita su da 50 ba, sai saurinsu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida.

Duk da wannan bayanin, in kana kokwanto ko kaɗan, kai ta wajen mai gyaran da ya san aikinsa ya auna da mita kafin a jona. Ka samu regilatar, domin wutar gari hawa da sauka take yi. In an ɗauke wuta ka zare waya, dawowarta ce ke kisa. A ƙaramin gurup kuwa, wato janareta, ni ban yarda in jona nawa ba.

Duk gem ɗin nan akwai su a wayata. Me zai sa in wahala?

Ba wanda ya ce ka wahala. Yi a waya, ba ka yi laifi ba. Amma shafa gilashi daban, danna maɓalli a manet, abin riƙewar na'ura, daban, in ka riƙe za ka ji.

Na ji an sayar da kaset ɗin Mario miliyoyi. Nawa za ka sayi nawa?

Gaskiya ne, a Yulin 2021 an yi gwanjon Super Mario 64 a Amurka a kan dalar Amurka miliyan 1.56. Amma wancan sabo ne fil a kwalinsa, ba a taɓa yage ledarsa ba tun 1996. Naka takardar jikinsa ta ɓare, an rubuta sunan ƙanenka da biro a baya, kuma an buga miliyoyin irinsa. Kada ka shigo harkar nan don neman kuɗi. Mai son riba ya sayi rago ya yi kiwo kafin Layya.

Kaset ɗina an rubuta gem 9999 ne a cikinsa shi kaɗai. Na asali ne?

A'a. Wasannin da ke ciki 'yan kaɗan ne, maimaita su aka yi, a sake suna, a fara ka daga wani mataki daban. Na'urar da ke cinsa ma kwaikwayon Famicom ce, ko da an yi mata jiki irin na PlayStation. In ka ɗaga murfi ka ga ramin kaset maimakon wurin faifai, ka gane. Kaset ɗin Famicom haƙora 60 gare shi, na NES 72, shi ya sa ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya.

Amma kada ka jefar, kuma kada ka ji kunya. Yawancinmu a Maradi ba Nintendo ta asali muka fara riƙewa ba, irin waɗannan ne da ake shigowa da su ta Jibiya da Ɗan Isa, kaset ruwan ɗorawa, manet mai karyewa cikin wata guda. Su ne tarihinmu, ina da su a kanta ɗaya da na asalin. Abin da ba na yafewa shi ne a sayar wa yaro jabu da sunan asali. Wannan ha'inci ne, ko a kaset ko a mudun gero.

Duk inda na kai a gem ya goge.

Batirin cikin kaset ne ya mutu. Na Super Nintendo CR2032 ne, irin na agogo mai faɗi. Pokémon Gold da Silver sun fi saurin cinye nasu saboda agogon da ke tafiya a ciki ko an kashe. Da dalma aka liƙa shi, mai gyaran waya zai sake maka. Kada a manna da salatif. Katin ajiya na PlayStation shi ba batir a cikinsa.

Bindigar harbin agwagwa ba ta aiki.

Lafiyarta ƙalau. Bindigar Duck Hunt da tsohuwar tele mai ƙeya kawai take aiki, shafaffiyar tele tana jinkirta hoto. Nemi mai ƙeya tun kafin 'yan gwangwan su gama farfasa su. Amma kada ka kuskura ka buɗe bayanta da kanka, tana riƙe wuta mai kisa ko an zare ta daga bango.

Ta yaya kake gane gem mai kyau?

Ba da kyan hoto ba. Ba na yanke wa gem hukunci sai na kai ƙarshensa, ko na yi iyakar ƙoƙarina ya gagare ni, kuma a kan na'urarsa ta asali. Ina duba ko yana amsa hannu nan take, in na mutu laifina ne ko nasa, sannan ko wanda bai iya Turanci ko Japananci ba zai gane abin da ake so ya yi. Mafi girma a wajena, ko mutum biyu za su iya zama su yi tare, domin mu a nan ba a gem a kaɗaice, kullum da 'yan kallo masu jiran layi.

Da wannan ma'auni Contra na 1988 yana sama. Rai uku ake ba ka, akwai sirrin maɓallai mai mayar da su 30, amma wanda ya ƙare da ukun shi ne gwani. A Turai sunansa Probotector, an mayar da sojojin mutum-mutumin ƙarfe. Sonic 2 na 1992 ya fi na farko, saboda dunƙulewar da yake yi ya harba daga tsaye. Street Fighter II ya fi Mortal Kombat nesa ba kusa ba. Na san za a yi mini ca, amma jini ne ya ja mutane ga Mortal Kombat, iya faɗa kuwa yana wancan. Winning Eleven na ƙwallo kuma ba sai na yi dogon bayani ba. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin wasa ɗaya a shagon gem ya san yadda ake rige-rigen ɗaukar Najeriya saboda gudun Tijjani Babangida, ko a ɗauki Brazil a mayar da Roberto Carlos gaba.

Ina ake samunsu?

Wajen masu gyaran tele, cikin kayan gwanjo, ko kasuwar Sabon Gari in ka shiga Kano. Amma fara da gidanku. Tambayi Inna abin da ke cikin tsohuwar adakar yayyenka. Kada ka biya sai an jona a gabanka.

Ɗana ya nace sai na saya masa. Ba zai lalace ba?

Hajiya, kwantar da hankalinki. Tsohuwar na'ura galibi ba ta hawa intanet, ba baƙon da zai yi masa magana ta ciki, ba ta cin kuɗin kati, kuma a tsakar ɗaki take inda idonki yake. Ki zaɓa masa irin su Mario da Tetris da ƙwallo, ki bar na zubar da jini. Ki yanka masa lokaci: bayan makaranta da islamiyya, in an kira salla a kashe. In ya saɓa, ki ɗauke manet ɗin ki kulle.

Yaya zan adana su?

Ƙurar hunturu, zafin bazara, danshin damina, ga gara ga kyankyaso. Kada ka ajiye kusa da rufin kwano ko inda rana ke bugawa, roba tana yin ja, faifai yana lanƙwashewa. Kwalaye a ɗaga su daga ƙasa, gara ba ta san na Japan ba. Na'ura a rufe ta da ƙyalle, amma ba tana kunne ba. Cire batir daga Game Boy kafin ka ajiye, in ya zubo yana cinye ƙarfen. Kuma a riƙa kunna su lokaci-lokaci, ajiya ba motsi ma tana kashe su.

Za ka ara mini kaset ɗaya zuwa Juma'a?

A'a. Na ba da aro sau uku, biyu ba su dawo ba, na ukun ya dawo da miya a haƙoransa. Zo gida ran Lahadi bayan la'asar, manet biyu ne, akwai tabarma. Ka wanke hannu kafin ka shigo.