Waiwaye: Daga Ina Maganar Karanta Kalma Dubu a Minti Ɗaya Ta Taso?

Duk lokacin da jarrabawa ta ƙarato, gardamar sai ta dawo: wasu na tallar manhajoji da darussan da za su sa mutum ya karanta kalma 1,000 a minti ɗaya, malamai kuma na cewa ɗalibi ya kan gama shafi bai riƙe komai ba. Waɗansu na ɗora laifin a kan wayar hannu, alhali gardamar ta girmi wayar nesa ba kusa ba.

Tun a wajen 1879 aka gano, a ɗakin binciken likitan ido Emile Javal a Faransa, cewa ido ba tafiya yake sumul a kan layi ba. Tsalle yake yi, ya tsaya, ya sake tsalle. A yaƙin duniya na biyu an horar da sojojin Amurka gane jiragen sama da wata na'ura mai ƙyasta hoto cikin ƙiftawar ido. Daga nan tunanin ya shiga aji: tunda ana iya horar da ido ya gane jirgi, me zai hana ya haɗiye layi guda a kallo ɗaya? Zuwa shekarun 1960 darussan karatun sauri sun zama ruwan dare a Amurka, kuma koyarwarsu uku ce: faɗaɗa kallo, daina komawa baya, kashe muryar zuci, wato furta kalmomi a rai yayin karatu.

Abin da aka fi mantawa da shi ya faru ne a 1975. Masu bincike George McConkie da Keith Rayner sun haɗa na'urar bin motsin ido da kwamfuta, ta yadda allon zai nuna ainihin rubutu a daidai inda idon mai karatu ya sauka kawai, kamar ta wata 'yar taga, sauran kuma a maye gurbinsa da haruffan banza. Ido na motsawa, tagar na bin sa. Sai su riƙa rage faɗin tagar ko ƙara shi. In ta yi ƙanƙanta, karatu ya yi nawa. Amma da ta kai haruffa kusan 15 gaba da inda ido yake, ƙarin faɗi bai ƙara saurin komai ba. Shekara guda bayan haka suka nuna cewa ta baya haruffa 3 zuwa 4 kaɗai ake amfana da su. Ko a cikin sha biyar ɗin, wajen 7 zuwa 8 na farko ne ake gane kalma sosai. A sauran, tsawon kalma da harafin farkonta kawai ido ke tsinta. Ga masu karanta Ibrananci da Larabci, daga dama zuwa hagu, faɗin ya karkata ne ta hagu, wato ƙwaƙwalwa ke jan ragamar, ba ƙwayar ido kaɗai ba.

Lissafin daga nan mai sauƙi ne. Tsayawa ɗaya na cin kusan rubu'in daƙiƙa, tsalle ɗaya haruffa 7 zuwa 9. Tsayawa huɗu a daƙiƙa, kusan kalma guda kowace, ya ba da 240 a minti. A 2019 mai bincike Marc Brysbaert ya tattara bincike 190, ya samu matsakaicin kalma 238 a minti ga babba mai karanta Turanci a zuci. Wanda ya ce yana yin 1,000, to kalmomi da yawa idonsa bai ma sauka kusa da su ba.

Komawa baya ma, da ake kira mugun hali, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne na motsin ido, kuma gyara ne: an fahimci jimla a karkace, an dawo an miƙe ta. A 2014 aka gwada rufe kowace kalma da zarar ido ya wuce ta, fahimta ta ragu. Nan ne manhajojin da ke jefo kalma ɗaya-ɗaya a tsakiyar allo ke tuntuɓe, domin ba sa barin ido ya koma baya.

A ganina, abin da ya raya gardamar shi ne ma'auni. Kalma nawa a minti, agogo ya isa ya ƙirga. Fahimta kuwa sai an zauna an tsara tambayoyi masu kyau. In tambayoyin na jigon labari ne, mai tsallake-tsallake zai ci. Gwajin Marcel Just da Patricia Carpenter a shekarun 1980 ya nuna hakan: masu karatun sauri, a kan kalma 600 zuwa 700 a minti, sun kama jigo, amma da aka tambaye su ƙananan bayanai daga wuraren da idonsu bai sauka ba, sai suka kasa.