Diyyar Haɗarin Mota a Jihar Bauchi

Diyyar haɗarin mota ita ce dukiyar da ake biyan magadan wanda ya rasa ransa a sanadin tuƙin wani. A Jihar Bauchi ana bin wannan haƙƙi ta shari'ar Musulunci ko ta dokar boko.

Asali

Malamai na sanya yawancin irin wannan mutuwa a babin kisan kuskure, wanda hukuncinsa ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 92: diyya ga iyalan mamaci, da kaffarar 'yanta bawa, ko azumin wata biyu a jere ga wanda bai samu ba. A mazhabar Malikiyya diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Nauyin biyanta yana kan aƙila, wato dangin wanda ya yi kisan ta wajen uba, kuma a cikin shekara uku ake kammalawa, don kada tsautsayi ya durƙusar da mutum ɗaya.

Dokar boko ta samo tushe daga wata dokar Ingila ta 1846. Jihar Arewa ta yi tata a wajajen 1956, kuma abin yabo ne da ta ɗauki masu rabo a diyya a matsayin iyalan mamaci idan shi Musulmi ne. Bauchi ta faɗaɗa aiki da shari'a a 2001.

Matakai

Jami'an kiyaye haɗurra, waɗanda aka kafa hukumarsu a 1988, su kan kwashe waɗanda abin ya rutsa da su. 'Yan sanda su auna wurin, su zana yadda motocin suka tsaya, su tsare direba. Tuhumar tuƙin ganganci ta gwamnati ce, ƙarar neman diyya kuwa ta magada ce.

Inshora

Inshorar da ke biyan wanda mota ta yi wa lahani (third party) wajibi ce ga mai mota. A 2023 kuɗinta ga motar gida ya tashi daga N5,000 zuwa N15,000.

Sulhu da yafiya

Galibi maganar ba ta kai wa kotu. Mai mota da shugabannin ƙungiyar direbobi su zo zaman makoki da buhun shinkafa, wan mamaci ya ce, "Mun bar wa Allah." Ayar Suratun Nisa'i ta halatta yafiya, amma haƙƙin na magada ne, har da marayun da ba a tambaya ba. Galibin malamai na ganin waliyyi ba shi da ikon yafe rabon yaron da bai balaga ba kyauta.