Ma'anar "taurin jijiya" da abin da gudun jini ke yi wa bangonta

An gwada wa dattijo hawan jini, na'ura ta nuna 160 a sama, 70 a ƙasa, sai ya ce ai na ƙasan lafiya lau. Likita kuwa ratar da ke tsakanin lambobin biyu ya fi zura wa ido, don sau da yawa ita ce alamar abin da ake kira taurin jijiya.

A Hausa kalmar jijiya ta kwaso abubuwa da yawa, har agara da jijiyar ji. Wadda ake nufi a nan ita ce mai ɗauko jini daga zuciya, wadda kake jin bugunta a wuyan hannu. Tun ƙuruciya bangonta kamar sabuwar roba yake: zuciya ta turo jini ya buɗe, ta saki ya koma. Da shekaru suka yi nisa zaren da ke ba shi wannan talewa, wato elastin, yakan tsittsinke, wani mai tauri da ake ce wa kolajin ya yi yawa. Shi ya sa lambar sama, wato matsin jini lokacin da zuciya ta turo, ke hawa, ta ƙasa kuma, wato matsin lokacin da ta saki, ta tsaya ko ma ta sauka.

Amma jijiya ba tiyo ba ce. Cikinta akwai shimfiɗa ta ƙwayoyin halitta, layi ɗaya tak, mai suna endotiliyam, kuma tana jin jini yana gogar ta. In gudun ya ƙaru, sai ta saki wata iska, nitirik okusayid, wadda ke sa naman bangon ya saki, hanya ta buɗe, jini kuma bai cika daskarewa ba. Wani masanin kimiyya, Robert Furchgott, ne ya nuna a 1980 cewa in aka kankare wannan shimfiɗa jijiya ba ta sakewa yadda ya kamata, kuma a 1998 shi da Louis Ignarro da Ferid Murad suka sami kyautar Nobel a kan aikin iskar.

Wannan gogar ta fi amfani idan jini na tafiya sambal. A inda jijiya ta rabu biyu, kamar babbar jijiyar wuya mai kai jini ƙwaƙwalwa, jinin kan yi juyi yana komowa baya, kuma nan ne kitse ya fi son taruwa. Mutum zai tuna lambatu, inda datti ke maƙalewa a kwana, sai dai a nan ba kwantawa kitsen ke yi kamar laka ba. Shimfiɗar ce ke raunana har ya samu ya kutsa cikin bango.

Tsufa na rage iskar nitirik okusayid, sigari da ciwon suga su ƙara dagula lamarin, yawan zama kuma ya hana jijiyar ƙafa gogar da take bukata. Elastin da ya tsinke ba ya dawowa, amma shimfiɗar ba ta daina amsawa. A 2000 masu bincike a Jami'ar Kolorado ta Amurka sun sa magidanta da dattawa marasa motsa jiki atisaye na wata 3, akasari tafiya a ƙasa, sai buɗewar jijiyoyin hannunsu ta koma daidai da ta samari.