Waiwaye: ƙofar da Babban Limami ya shiga ranar Ista

Ranar Lahadi 21 ga Afrilu 2019, saura kwana biyu ya cika shekara ɗari a duniya, Babban Limamin Gana, Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Christ the King da ke Akra ana tsakiyar bikin Ista. Fada Andrew Campbell ne ya tarbe shi. A ranar ce kuma aka tayar da bama-bamai a coci-coci da otal-otal a Siri Lanka, mutum fiye da 250 suka mutu. Kafin magariba hoton dattijon zaune a cikin coci ya zaga wayoyin Nima da Mamobi da Sabon Zango, aka dasa gardama a teburin mai shayi: ya halatta ko bai halatta ba? Masu magana da yawunsa suka ce ba ibada ta kai shi ba, zumunci ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk gardamar ta gefenmu ce. Ban ji wanda ya tambayi abin da su 'yan Roman ɗin, wato Katolika, suke cewa game da mu ba, ko abin da ya sa Fada ya shimfiɗa wa Limami kujerar girma ba tare da ya saɓa wa addininsa ba. Da a ce shekara ɗari kafin nan ne, da wuya hakan ta faru, kuma labarin yadda aka zo nan yana da tsawo.

A gidan hayar da na tashi, ɗakinmu na kallon na wata tsohuwa 'yar Dagati, daga wajen Jirapa. Mma muke ce mata kamar yadda muke ce wa iyayenmu. Idan an kira assalatu mahaifiyata ta fito alwala, sai ta tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki da carbinta mai ɗan gicciye a ƙarshe, leɓɓanta na motsi. Su gaisa da kai kawai, kowacce ta fuskanci nata. A wurinta na fara jin cewa Kirista ba tafiyarsu ɗaya ba. Jikanta ya shiga wata cocin masu kiɗa da wa'azin dare, ya dawo da Littafi Mai Tsarki yana ce mata nata an yi masa ƙari. Ta ce masa, "Ɗan nan, naka ne aka rage."

Ga asalin wannan. Littafin Katolika yana ɗauke da littattafai 73: Tsohon Alkawari 46, Sabon Alkawari 27. Na coci-cocin Furotesta da suka ɓalle daga Roma 66 ne. Bakwai ɗin da ke tsakani su ne Tobit, Yudit, Hikimar Sulemanu, Sirak, Baruk, da Makabiyawa na ɗaya da na biyu, sai wasu sassa a cikin Esta da Daniyel. Suna cikin tsohuwar fassarar Girkanci da Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wadda ita ce Kiristan farko suka fi karantawa. A Afirka ma aka jera sunayensu: taron bishop-bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, a shekarar 393, da na Kartaj kusa da Tunis a 397. Da Martin Luta ya tayar da ƙura a Jamus daga 1517, ya bi jerin littattafan Ibrananci na Yahudawa, ya ware waɗannan bakwai gefe, ya ce suna da amfanin karatu amma ba a kafa hujja da su. Majalisar Tirento, babban taron bishop-bishop na Katolika, ta mayar da martani a 1546, ta tabbatar da duka 73.

Wannan ba rigimar lissafi ba ce kawai. A Makabiyawa na biyu, sura ta 12, akwai labarin shugaban yaƙi da ya tara kuɗi aka yi hadaya saboda mutanensa da suka mutu. Yana daga cikin hujjojin Katolika na yi wa mamaci addu'a, da imaninsu cewa akwai wani matsayi na tsarkakewa ga wanda ya mutu cikin yardar Allah amma da sauran datti a tare da shi. Shi ya sa duk 2 ga Nuwamba Mma takan ɗaura farin ɗankwali ta tafi coci da 'yar takarda mai sunayen mamatanta. Jikan yana ganin ɓata lokaci ne. Mu da muka saba da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, abin bai zame mana baƙo ba.

Inda muka fi kuskuren fahimtarsu shi ne wahayi. Mukan ɗauka Littafi Mai Tsarki a wurinsu kamar Alƙur'ani yake a wurinmu, saukakke kalma da kalma. Su ba haka suke cewa ba. Kundin koyarwarsu da aka fitar a 1992 ya faɗa a fili cewa addininsu ba "addinin littafi" ba ne, domin a wurinsu Kalmar Allah mutum ce, Yesu Almasihu. Littafin shaida ne a kansa, mutane suka rubuta da harshensu da salonsu da sanin zamaninsu, Ruhu Mai Tsarki yana bi da su. Saboda haka ba sa jin nauyin cewa Linjila huɗu ce, ta Matiyu da Markus da Luka da Yahaya, kuma ba sa ganin fassara ta rage wa littafin daraja. Cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito tun 1932, kodayake ba mishan ɗin Katolika ne suka yi ta ba. Sannan littafin ba ya tsayawa shi kaɗai. Takardar Dei Verbum da majalisar bishop-bishop ta Fatikan ta fitar a 1965 ta ɗora abin a kan duwatsun murhu uku: Nassi, da Gādon manzanni da aka miƙo hannu da hannu, da ikon koyarwa na Fafaroma tare da bishop-bishop. Hujjarsu a kan masu cewa "Nassi kaɗai" ita ce, jama'ar ta riga littafin, ita ce ma ta tantance abin da zai shiga cikinsa. Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami a zaure ya ji ana maganar isnadi da ijma'i zai gane irin wannan tunani, ko da bai yarda da abin da aka gina a kansa ba.

A kan ceto kuwa hanya ta rabu sosai, kuma ban ga amfanin ɓoye hakan ba. Katolika sun yi imani cewa saɓon Annabi Adamu ya bar rauni a kan zuriyarsa duka, kuma mutuwar Yesu a kan gicciye da tashinsa su ne maganin raunin. Mu Alƙur'ani ya gaya mana a Suratun Nisa'i cewa ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, a wasu surori kuma ya ce ba mai ɗaukar nauyin laifin wani. Tsakaninsu da mabiya Luta kuma an daɗe ana ja: bangaskiya kaɗai ke kuɓutar da mutum, ko da aiki? Tirento ta ce a 1547 ceto kyauta ce daga Allah, ba wanda ya isa ya saye ta, amma mutum yana da zaɓin karɓa ko ƙi, kuma dole ta bayyana a aikinsa. Sukan kawo wasiƙar Yaƙub, inda aka ce bangaskiyar da ba aiki matacciya ce. Sai 31 ga Oktoba 1999 ɓangarorin biyu suka sa hannu a Augsburg cewa sun yi ittifaƙi a kan ginshiƙin mas'alar.

To idan ceto ta hannun Yesu ne, ina makomar wanda ba Kirista ba? Nan ne ƙofar take.

Tsohuwar magana ita ce "babu ceto a wajen Ikilisiya", wato a wajen jama'ar coci. Daga Afirka ita ma ta fito, daga bakin Sifiriyan, bishop na Kartaj, wanda Rumawa suka sare wa kai a 258. Shi da Kiristan da suka ɓalle daga jama'a yake. Amma maganar ta yi ta faɗaɗa har majalisar bishop-bishop ta Filorens ta ce a 1442 duk wanda ya mutu bai shiga Ikilisiya ba, arne ne ko Bayahude ko ɗan bidi'a, wuta ce makomarsa. Shekara arba'in bayan nan, a 1482, Turawan Fotugal suka sauka Elmina suka fara ginin ganuwar da har yau take tsaye, suka yi Mas, babbar ibadar Katolika, a bakin teku. Tafiye-tafiyen wancan zamani sun nuna wa malamansu al'ummai masu yawa da ba su taɓa jin sunan Yesu ba, tambayar ta zama ba ta gudu: Allah mai adalci zai ƙona mutum saboda saƙon da bai isa gare shi ba? Mu ma malamanmu sun yi irin wannan bahasi a kan mutanen fatara, wato waɗanda saƙon manzo bai isa gare su ba. A hankali aka fara sassautawa. Fafaroma Pius na tara ya rubuta a 1863 cewa wanda jahilcinsa ba laifinsa ba ne, ya kuma bi dokar da Allah ya rubuta a zuciyarsa, zai iya samun rai madawwami. A 1949 Fatikan ta tsawata wa wani Fada a Boston ta Amurka, Leonard Feeney, saboda nacewa a kan tsattsaurar fassarar, daga baya aka kore shi daga jama'a a 1953 bayan ya ƙi amsa kiran Roma.

Wannan "doka ta zuciya" ita ce tushen koyarwarsu ta ɗabi'a. Sun ce akwai nagarta da mugunta da hankali kaɗai yake iya ganewa, ko mutum bai karanta Dokoki Goma ba: kada ka kashe, kada ka ci amana, ka girmama iyaye. Sukan jingina da wasiƙar Bulus ga Romawa, sura ta 2. Lamiri a wurinsu abin bi ne dole, amma wajibi ne a ilimantar da shi. Zunubi kuma iri biyu ne, babba mai raba bawa da Allah, wanda sai abu ya yi girma kuma an aikata shi da sani da gangan, da ƙarami. Babban sai an furta shi gaban Fada, shi kuma Fada ko za a yanka shi ba ya fitar da sirrin.

Da Fafaroma Yahaya na 23 ya buɗe majalisar Fatikan ta biyu a Oktoba 1962, bishop fiye da dubu biyu suka hallara, wannan karon har da baƙaƙen fata 'yan ƙasa, ba Turawan mishan kaɗai ba. Gana kanta ta canza. Mishan ya sake kafuwa a Elmina a 1880, ya isa Navrongo a 1906, ga shi a 1960 an naɗa Peter Dery, ɗan ƙabilar su Mma, bishop na Wa. A Nuwamba 1964 takardar majalisar mai suna Lumen Gentium ta ce shirin ceto ya haɗa da waɗanda suka yarda da Mahalicci, a sahun gaba akwai Musulmi, masu cewa suna riƙe da addinin Ibrahim, waɗanda tare da Kirista suke bauta wa Allah ɗaya mai jinƙai, mai hukunci ranar ƙarshe. Sai majalisar ta amince da wata takarda, Nostra Aetate, ranar 28 ga Oktoba 1965, da ƙuri'a 2,221 a kan 88. Da farko don Yahudawa aka tsara ta, bishop-bishop na ƙasashen Larabawa suka matsa aka shigar da mu. Ta ce Ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa. Ta ambaci sallarmu da zakka da azumi, da girmama Isa a matsayin annabi, da darajar Nana Maryamu a wurinmu, ta roƙi a bar tsohuwar gaba.

Ina ganin adalci ne in faɗi abin da takardun ba su ce ba, don kada wani ya ɗauke su fiye da yadda suke. Ba su ambaci Annabi Muhammadu (SAW) ba, ba su ambaci Alƙur'ani ba. Ba su ce addinai duk ɗaya ne ba, kuma a shekarar 2000 Fatikan ta sake jaddada cewa duk wanda ya tsira, ta hanyar Yesu ya tsira, ko ya sani ko bai sani ba. Musulmi ba zai karɓi wannan ba, kamar yadda su ba za su karɓi namu ba. Abin da ya canza shi ne sun daina yanke wa maƙwabcinsu hukuncin wuta, sun bar wa Allah. A ƙasar da ƙidayar 2021 ta nuna Katolika kusan kashi 10 ne cikin ɗari, Musulmi kusan kashi 20, kuma muna shan ruwan famfo ɗaya, 'ya'yanmu da yawa sun bi ta makarantun Roman, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Watanni biyu da 'yan kwanaki kafin Limami ya shiga cocin nan, Fafaroma Francis da Shaihul Azhar, Ahmad Aɗ-Ɗayyib, sun sa hannu a takardar 'yan'uwantaka a Abu Dabi, ranar 4 ga Fabrairu 2019.

Mma ba ta san sunan ko ɗaya daga cikin takardun nan ba. Da mahaifinmu ya rasu ta zauna cikin mata kwana uku, ita ce ma mai dama kokon safe ga masu zuwa gaisuwa. Bayan sadakar bakwai ta leƙo ɗakinmu, ta durƙusa kusa da mahaifiyata ta yi ƙasa da murya. "Hajiya, na kai sunan Malam wurin Fada, ran Lahadi za a ambace shi a Mas. Kada ki ji haushina." Mahaifiyata ta daɗe tana jan carbinta ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Mma, Allah ya san niyyarki. Na gode." Sai ta sa ni in ɗebo mata shinkafar sadaka a babban kwano in kai mata ɗaki.