Waiwaye: Yarinya da Ingarma a Fim ɗin National Velvet

Tun 1839 ake sukuwar Grand National a filin Aintree da ke kusa da Liverpool a Ingila. Tsere ne mai tsawon kusan kilomita 7, inda doki zai tsallake shinge sau 30, kuma ba duk dokin da ya tashi ke isa ƙarshe ba. Fiye da shekara ɗari ba a taɓa barin mace ta hau a cikinsa ba. A kan wannan hani ne marubuciya Enid Bagnold ta gina littafinta National Velvet a 1935: Velvet Brown, 'yar mahauci a wani ƙauyen yankin Sussex na Ingila, ta ci wani fitinannen doki a kuri'a, ta sa masa ido har ta kai shi Aintree.

Kamfanin fina-finai na MGM ya daɗe da mallakar labarin kafin a fara ɗaukar fim ɗin, domin ba a samu yarinyar da ta dace ba. Ana neman ƙarama mai harshen Ingila a bakinta, wadda kuma ba ta tsoron doki. Elizabeth Taylor ta haɗa duka. A Landan aka haife ta a 1932, tun tana ƙanƙanuwa take hawa, kuma iyayenta sun koma Los Angeles a 1939 gudun yaƙi. Furodusa Pandro Berman ya ga ta cika gajarta, aka ɗan jinkirta aikin har ta ƙara tsawo, ita kuwa kullum tana kan sirdi tana koyo.

Lokacin da aka fara aiki a 1944, Yaƙin Duniya na Biyu na ci. An dakatar da sukuwar Aintree tun 1941, sojoji ne ke amfani da filin, ba a dawo da ita ba sai 1946. Don haka darakta Clarence Brown ya ɗauki fim ɗin a California, gaɓar tekun Pebble Beach ta tsaya a matsayin Sussex, aka kafa shingaye masu kama da na Aintree. Mickey Rooney, wanda ya fito a matsayin Mi, tsohon mahayin da tsoro ya raba da sukuwa, sai da aka gaggauta kammala nasa ɓangaren saboda kiran aikin soja na jiransa.

Dokin da ya fito a matsayin The Pie, wato dokin Velvet, sunansa na gaskiya King Charles, jikan Man o' War ne, shahararren dokin sukuwar Amurka. Mai zafin kai ne da cizo, amma ya saba da yarinyar. Manyan tsallake-tsallaken ƙwararrun mahaya aka ba, sai dai ita ma ta yi hawa mai yawa da kanta, kuma a nan ne ta faɗo ta ji ciwo a baya, ciwon da ya yi ta damunta har tsufa. Wannan ne abin da ke tsaya mini a rai duk lokacin da na kalli fim ɗin. Murnar da ake gani a fuskarta a kan doki ta gaske ce, amma 'yar shekara 12 ce, kuma manyan da ke kewaye da ita ne ya kamata su kare ta fiye da yadda suka yi. Da aka gama, kamfanin ya ba ta dokin kyauta.

A labarin, Velvet ta aske gashinta ta shiga a matsayin namiji, da kuɗin da uwarta ta samu lokacin da ta ninƙaye tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa. Ta zo ta ɗaya, ta sume ta faɗo daga sirdi kafin ta kai wurin da doka ta ce a sauka, aka soke nasarar, likita kuma ya gano mace ce. Anne Revere, wadda ta fito a matsayin uwar, ta samu lambar Oscar, haka ma Robert Kern da ya yanka ya kuma haɗa hotunan fim ɗin. A ganina uwar ce ƙashin bayan labarin, ita ce ba ta taɓa ce wa 'yarta abin ya fi ƙarfinta ba.

An fara nuna fim ɗin a New York a Disambar 1944. Ƙofar Aintree kuwa ba ta buɗe wa mata ba sai bayan dokar Birtaniya ta 1975 da ta hana wariya tsakanin maza da mata. Charlotte Brew ce ta fara hawa a 1977, dokinta Barony Fort ya ƙi tsallake wani shinge dab da ƙarshe. Geraldine Rees ta kammala tseren a 1982, Katie Walsh ta zo ta uku a 2012. Ranar 10 ga Afrilun 2021, Rachael Blackmore 'yar ƙasar Ayalan ta lashe shi a kan Minella Times, a filin da babu 'yan kallo saboda annobar korona. Elizabeth Taylor ta rasu shekara 10 kafin wannan rana.